Shekarar Farko a Jami'ar Tawa: Nazari kan Tallafin da Tsarin LMD Yake Ba Sabon Ɗalibi

0. Gabatarwa

Tun da aka fara buɗe jami'o'i a cikin jahohin ƙasar nan, an yi ta magana a kan gine-gine, da yawan malamai, da kuɗin bursu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin yaro ko yarinyar da suka ci bak da damina, suka sauka tashar Tawa da jaka ɗaya da tabarma, suka shiga amfi karo na farko. A cikin wannan takarda muna so mu auna irin tallafin da tsarin karatun lisans, kamar yadda aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin LMD, yake ba wannan sabon ɗalibi a cikin watanninsa na farko. Mun ɗauki Tawa da arewacin Adar a matsayin misali domin a nan ne ratar da ke tsakanin ɗalibin da tsarin yake zato da ɗalibin da yake zuwa a zahiri ta fi fitowa fili.

Matsayinmu shi ne wannan: tsarin ya matso da jami'a kusa da gida, ya kuma tanadi hanyoyin ceton ɗalibi bayan ya faɗi jarrabawa, amma ya bar masa shi kaɗai aiki mafi wuya, wato koyon yadda ake zama ɗalibin jami'a. Za mu fara da ɗan tarihi, sannan mu kawo ma'aunin da muka yi amfani da shi, mu faɗi inda tsarin ya dace da inda ya kasa, daga ƙarshe mu ba da shawarwari.

1. Ɗan tarihi

Kusan shekara 40, jami'ar gwamnati guda ɗaya ƙasar nan take da ita. An kafa Cibiyar Ilimi mai Zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Ɗan Adar da ya ci bak a wancan zamani, tafiyar kimanin kilomita 550 ke gabansa, zuwa garin da watakila bai san kowa ba a cikinsa. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, bisa harsashin cibiyoyin koyon sana'a na jami'a (IUT) da aka buɗe a waɗannan garuruwa ƴan shekaru kafin haka. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Tawa ta fara da IUT da Sashen Shari'a, Tattalin Arziki da Gudanarwa (FADEG), daga baya aka ƙara sassan aikin gona da ilimin koyarwa. Yau tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa bincikensa a kan Adar ta kafin zuwan Turawa a 1975.

Haihuwar jami'ar ta zo daidai da shigowar LMD. Wannan tsari ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999 tsakanin ƙasashen Turai. Ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta da su bi shi a 2007, Nijar kuma ta shigar da shi cikin dokokinta a 2010. Ke nan, saɓanin jami'ar Yamai wadda sai da ta sake tsohon tsarinta, ta Tawa a cikin LMD ta buɗe ido. Duk abin da za mu faɗa a kan shekarar farko a Tawa, a kan LMD ne muke faɗinsa.

2. Ma'aunin da muka bi

Idan aka ce "tallafi" a bakin ɗalibai da hukuma, abubuwan da ake nufi sanannu ne: bursu da taimakon da hukumar ANAB take biya, ɗaki da abinci da mota da magani waɗanda ke hannun CROU. Wannan fahimta tana da tarihinta. Zanga-zangar 9 ga Fabrairu 1990, wadda aka kashe ɗalibai uku a cikinta a gadar Kennedy, da ta 10 ga Afrilu 2017, wadda ɗalibi ɗaya ya rasa ransa, duka biyun a kan halin rayuwa da na karatu aka yi su. Ba mu raina wannan gwagwarmaya ba: mai jin yunwa ba ya karatu. Sai dai ta sa an saba ɗaukar tallafi a matsayin aikin wani ofishi dabam, wanda ba ruwan malami da manhaja a cikinsa.

Mu a nan wani ma'auni muka ɗauka. Coulon (1997), a binciken da ya yi a jami'ar Paris 8, ya nuna cewa zama ɗalibi sana'a ce da ake koya, kuma sabon shiga yana ratsa matakai uku: lokacin baƙunta, wanda komai baƙo ne a gare shi, lokacin koyo, wanda yake lalube a cikinsa, da lokacin zama ɗan gida, sa'ad da ya gane dokokin wurin, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba, har ya iya sarrafa su. Wanda bai kai mataki na uku ba, ko da yana da kaifin ƙwaƙwalwa, faɗuwa yake yi ko ya janye. Kafin shi, Tinto (1975, 1987) a Amurka ya danganta barin jami'a da rashin shigar ɗalibi cikin jama'ar karatu da jama'ar zama ta makarantar. Tambayarmu ke nan: mene ne a cikin tsarin lisans yake gajarta wa ɗan Kalfu ko ƴar Abalak lokacin baƙunta, mene ne kuma yake tsawaita shi?

3. Inda tsarin ya dace

Adalci ne mu fara da abin yabo. Na farko shi ne kusanci. Jahar Tawa, a ƙidayar 2012, tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 300. Ɗalibin da ya fito daga Bambai, Afala, Barmu ko Takanamat yana iya samun dangi a cikin gari, ana iya aiko masa da hatsi a motar kasuwa, yana iya zuwa gida ya dawo in an yi rasuwa. Ga ƴan mata abin ya fi haka muhimmanci. A ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, yarinyar da ta kai ga cin bak ta riga ta tsallake shingaye da yawa, kuma uban da ba zai yarda ta tafi Yamai ba yana iya yarda ta zauna Tawa gidan gwaggonta.

Na biyu shi ne raba shekara zango biyu, kowane da kiredi 30, lisans gaba ɗaya kiredi 180. A tsohon tsari, wanda ya faɗi a ƙarshen shekara yakan maimaita ta dungurungum. Yanzu rukunin darasin da ɗalibi ya ci ya zama nasa, darasi mai ƙarfi yana iya rama wa mai rauni, akwai kuma zama na biyu na jarrabawa. Wannan sassauci ne na gaske ga wanda ya yi tuntuɓe a zangon farko.

Na uku shi ne IUT. Bisa ga yanayinta, irin wannan cibiya tana zaɓen ɗalibanta, ajinta ƙarami ne, ana kiran suna, ana aikin hannu, malami ya san fuskar kowa. Duk abin da Coulon da Tinto suke nema yana nan a cikinta tun daga tsari. Wannan ya nuna cewa an san yadda ake riƙon sabon ɗalibi. Abin da ya rage shi ne a kai wannan sani manyan sassan da ke karɓar jama'a mai yawa.

4. Inda tsarin ya kasa

4.1. Aikin ƙashin kai

A LMD, kiredi ma'aunin aikin ɗalibi ne gaba ɗaya, wanda ya yi a gaban malami da wanda ya yi shi kaɗai. A jami'o'in yankinmu ana ƙiyasta kiredi guda da awa 20 zuwa 25, kuma a wurare da dama ana ware wajen kashi 40 cikin 100 ga abin da ake kira "travail personnel de l'étudiant", wato aikin ƙashin kai. Mu yi lissafi da adadi mafi ƙanƙanta. Kiredi 30 sau awa 20 ya ba da awa 600 a zango. Kashi 40 na wannan awa 240 ke nan. In zangon ya yi mako 15, ɗalibi yana da awa 16 kowane mako da aka ce ya yi karatu shi kaɗai. Waɗannan awoyi an lissafa su cikin digirinsa, an kuma rage awoyin aji saboda su.

To, me ake zaton zai yi a cikinsu? A lise, malami shifta yake yi, ɗalibi ya rubuta, ya haddace, ya mayar ranar jarrabawa. Ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake neman littafi a kundin laburare, yadda ake karanta babi a fitar da jigonsa, ko yadda ake ɗaukar bayani daga bakin malamin da ba ya tsayawa. In an bar shi da awa 16, abin da ya sani zai yi: ya sayi folikofi, ya haddace. A ƙarshen zango a ba shi sharhin hukuncin kotu ko tambayar da ke neman ya gwama ra'ayi biyu, ya zuba haddarsa, ya sami 6 bisa 20, bai kuma san laifinsa ba.

Ga kuma wurin yin aikin. Waɗanda suka ƙirƙiro kiredi a Turai sun yi zaton ɗaki mai tebur da fitila. Ɗalibin da ya sauka gidan mai masauki a cikin gari yana raba ɗaki da samarin gidan, ana aikensa, kunya kuma ba ta barinsa ya ce yana da karatu. Ɗaliba ita ma aikin gida yana jiranta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, in wuta ta ɗauke ba a iya zama a ɗaki. Kowa yana tune da yadda aka sha duhu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan har tsawon watanni. Manhajar da ta ɗora kashi 40 na nauyinta a kan lokacin da ba ta koyar da amfani da shi ba, ba ta kuma tanadar masa wuri ba, ta jingina ne a bangon da ba a gina ba.

4.2. Harshe

Ɗan arewacin Adar yana shigowa jami'a da harshe biyu ko uku: Adaranci, watakila Tamajak, Fulatanci ko Larabci, sannan Faransancin makaranta. Wannan na ƙarshe a aji kawai yake jinsa. Da an tashi, hira ta koma Hausa. Ya ishe shi cin bak. Amma Faransancin amfi wani abu ne dabam, kuma haɗarinsa ya fi yawa a kalmomin da ɗalibi yake tsammanin ya sani.

Mu ɗauki misalai daga darasin share fagen shari'a, wanda ake yi tun zangon farko. "Personne morale" ba mutumin kirki ba ne, kamfani ne ko ƙungiya da doka ta ba matsayin mutum. "Prescription" a nan wa'adi ne wanda in ya wuce haƙƙi ya faɗi ko ya tabbata, ba ruwansa da likita. "Ordonnance" takardar magani ce a asibiti, doka ce daga shugaban ƙasa, hukunci ne kuma daga alƙali guda. "Meuble", wanda yaro ya sani da kujera da gado, a dokar farar hula ya haɗa da raƙumi da akuya, domin dukiya ce mai motsi. Amma sān huɗar da mai gona ya ajiye don aikin gonarsa, dokar ta lissafa shi cikin "immeubles par destination", wato dukiyar da ba ta motsi. Ɗalibin da ya ji wannan a cikin taron ɗaruruwan mutane ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Rubutawa zai yi yadda ya ji, ya haddace.

Gaskiya ne manhajojin shekarar farko sukan ƙunshi darasin dabarun bayani ko na hanyar aikin jami'a. Matsalarsa ita ce nauyinsa kaɗan ne a lissafin kiredi, ana kuma yawan yinsa a matsayin lacca kamar sauran darussa, alhali rubutu da rubutawa ake koyonsa, a gyara, a sake. Tsarin ramuwa kuma, wanda muka yaba a sama, yana ba ɗalibi damar tsallake wannan darasi ba tare da ya iya shi ba. Maƙwabtanmu na Nijeriya, waɗanda su ma da harshen aro suke koyarwa, sun wajabta wa kowane ɗan shekarar farko darasin Ingilishin jami'a, a Sakkwato, Kano, Zariya da sauran wurare, ba a kuma ba mutum digiri sai ya ci shi. Ba mu ce hanyarsu ta warkar da ciwon ba. Amma sun amince akwai shi.

4.3. Kalanda

Zango yana aiki ne in an fara shi kan lokaci, aka kuma gama shi kan lokaci. Tarihin jami'o'inmu bai ba da wannan tabbaci ba: shekarun banza na 1990, da dogayen yaje-yajen aikin ƙungiyar malamai ta SNECS a 2018 da 2019 a kan zaɓen shugabannin jami'o'i, da jinkirin biyan bursu, sun sa shekarun karatu suna hawa kan juna. Tsohon ɗalibi ya san yadda zai yi da wannan. Sabo kuwa yakan zauna gida watanni bayan bak yana jira, abin da ya sani yana zubewa, sannan a fara masa karatu a gurguje.

A shekarunsu na farko, jami'o'in jahohi sun dogara ƙwarai ga malamai masu zuwa daga Yamai ko daga ƙasashen maƙwabta, su yi darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu su koma. Ga ɗalibin mastar wannan yana iya yiwuwa. Ga wanda yake cikin lokacin baƙunta, awa 30 na darasi guda a jere, daga bakin mutumin da ba zai sake gani ba sai a takardar jarrabawa, ba su barin abin ya zauna masa, ba su kuma ba shi wanda zai koma ya tambaya. Duk inda wannan hanya ta rage, ya kamata a nisanta ta daga zangon farko.

Akwai kuma wata kalanda wadda jami'a ba ta kallo, ita ce ta gida. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni. Da an gama girbi, samari su kama hanyar Nijeriya, Kwaddibuwa, Kamaru ko Libiya; waɗansu su tsaya aikin albasa a fadamun Keita da Tabalak. Lokacin da ake komawa jami'a shi ne daidai lokacin da tsaran ɗalibi suke tafiya, kuma kafin Salla sun fara aiko da kuɗi gida. Shi kuwa nema yake a aiko masa. In shekara ta zo da ƙarancin hatsi, sakamakon zangon farko kuma ya fito da muni, ba ya buƙatar wanda zai ce masa ya bari: lissafin a fili yake. Ga na can arewa, wajen Tiliya da Tasara, rashin tsaro ya ƙaru a kan wannan. Harin watan Maris 2021 a ƙauyukan Tiliya ya hallaka mutum sama da 130, ya tarwatsa iyalai da dukiyoyinsu. Ɗalibin da ya fito daga irin wannan gida ba shi da shekarar da zai yi asara.

4.4. Abin da ɗalibi ya zo da shi

Kuskure ne a ɗauki sabon ɗalibi kamar ƙwarya wofi. Ɗan manomin Adar ya san gado, aro, jingina da sayen gona, ya ga an yi shari'ar iyaka gaban mai gari ko hakimi. Ɗan makiyayin Cintabaradan ya san wane ne yake da haƙƙin fara shayarwa a rijiya, ya san burtali, ya san abin da ke faruwa in dabba ta shiga gona kafin a saki gonaki. Waɗannan su ne ainihin batutuwan dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da ƙa'idojin Dokar Karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010. Amma bisa al'adar da muka gada daga jami'o'in Faransa, shekarar farko ta ƙa'idoji ce tsantsa, misalanta kuma daga littattafan can suke fitowa. Abin da ya shafi gida sai daga baya. Sakamakon haka, a lokacin da ɗalibi ya fi buƙatar ya ji cewa ya san wani abu, sai a nuna masa cewa saninsa ba shi da wurin zama a amfi. Abdu Mumuni ya yi kashedi a kan makarantar da ta yanke da al'ummarta tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka.

5. Yadda ake aunawa

Adadin da aka fi kawowa a taron sashe shi ne kason waɗanda suka ci a ƙarshen shekara. Wannan adadi yana cakuɗa mutane iri uku waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne: wanda ya yi rajista bai taɓa zuwa ba, wanda ya zo ya janye kafin jarrabawa, da wanda ya zauna jarrabawa ya faɗi. Na farko watakila wata makaranta ya samu, ko takardar ɗalibta kawai yake so. Na uku yana nan, ana iya taimakonsa. Na biyu shi ne asarar da ba a gani, domin ba ya zuwa ya yi sallama.

Sashen da yake son ya san ko yana tallafa wa ɗalibansa sai ya bi rukuni guda tun daga rajista har shekara uku ko huɗu, ya ware su bisa jinsi, da lisen da suka fito, da nau'in bak, da samun bursu ko rashinsa, da wurin kwana. Bayanan nan galibinsu suna cikin takardun rajista. Haɗa su ne aikin, kuma aiki ne da ɗaliban mastar na sashen ilimin koyarwa za su iya yi a matsayin kundin kammala karatu. Sai a ƙara ƙidayar waɗanda suke halartar aikin rukuni a mako na 2, na 6 da na 10. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda za ta ɓaci ma haka ne.

6. Shawarwari

Mun san abin da za a ce mana: malamai ba su isa ba, ɗakuna ba su isa ba, kuɗi babu. Faransa ma, da ta zuba kuɗi masu yawa a shirinta na cin nasara a lisans daga 2007, ba ta ga canjin da ta yi fata ba. Saboda haka shawarwarinmu ba su dogara ga sabon gini ba.

(a) A mayar da wani ɓangare na aikin ƙashin kai aikin da ake dubawa. Makonni shida na farko, a raba sabbin ɗalibai rukuni-rukuni na mutum 20 zuwa 25, kowane rukuni a ƙarƙashin ɗalibin mastar ko na shekara ta uku, awa biyu a mako, a ba mai jagorar kiredi ko ɗan alawus. Ba daga Turai za mu aro wannan ba. A makarantar allo, gardi shi yake biya wa kolo allonsa, malam yana sa ido daga nesa. Da haka malami guda yake riƙe almajirai masu yawa. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan gari ɗaya sun daɗe suna tarbar ƙannensu, suna nema musu masauki. Abin da ya rage shi ne sashe ya san da su, ya ba su aikin karatu.

(b) A ƙyale harsunan gida su shiga aikin rukuni. A makarantar zaure, almajiri yana karanta nassin Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa, har ya kai ga karanta littafi shi kaɗai. Ba wanda ya ce wannan ya hana malaman ƙasar Hausa iya Larabci. Minti goma na bayanin "immeuble par destination" da Hausa ko Tamajak ba za su rage wa ɗalibi Faransanci ba, za su ba kalmar gindin zama. Ƙasar nan ta fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa, kundin 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Sashenmu yana iya ba da gudummawa ta hanyar tsara ƙaramin ƙamus na kalmomi 300 zuwa 400 na shari'a da tattalin arziki na shekarar farko, tare da malaman fannin.

(c) A ƙara wa darasin rubutu da hanyar aiki nauyi, a fitar da shi daga cikin darussan da ake rama wa, a riƙa yinsa da matanin fannin da ɗalibi yake karanta.

(d) A yi gwaji na farko a mako na 5 ko na 6, a mayar da takardu da gyara cikin kwana goma, domin ɗalibi ya ga abin da ake nema a gare shi tun da sauran lokaci.

(e) A ba zaunannun malamai, musamman manya, darussan zangon farko, a bar wa baƙi na manyan azuzuwa.

(f) A bar ƴan ɗakunan aji a buɗe da dare, da fitilar hasken rana, a kuma tanadi yadda ɗalibai mata za su koma masaukinsu lafiya.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tsarin lisans na LMD, in aka auna shi da buƙatun sabon ɗalibi daga arewacin Adar, yana da kyau wajen kusanci da wajen ba da dama ta biyu, yana da rauni wajen koyar da aikin ɗalibta, wajen harshe, da wajen lokaci. Raunin ya fi cutar da waɗanda aka gina jami'ar dominsu, wato ƴaƴan manoma da makiyaya waɗanda su ne na farko a gidajensu da suka kai wannan matsayi. Ɗan ma'aikaci yana da wa ko kawu da zai gaya masa yadda ake yi. Ɗan Takanamat, in sashe bai gaya masa ba, ba mai gaya masa. Kuma in ya koma gida bayan zango ɗaya hannu wofi, ƙannensa da iyayen tsaransu suna kallo, su ma za su yi nasu lissafin.

Bursu da ɗaki da abinci suna hannun wasu hukumomi, muna kuma goyon bayan a inganta su. Amma abin da ake yi da awa 16 na kowane mako, da harshen da ake bayani da shi a aikin rukuni, da wanda ake turawa ya koyar da zangon farko, duk a taron sashe ake yanke su. Muna fatan abokan aiki na sauran sassa, da ɗaliban mastar da ke neman batun bincike, za su gwada waɗannan shawarwari a kan rukuni guda, su kawo mana sakamakon a cikin waɗannan shafuka.